DUWATSUN MURHU UKU: ABIN DA YA KAMATA MAI HARHAƊA KWAMFUTARSA TA FARI YA SANI

A filinmu na yau za mu yi bayani a kan wani aiki da ke ƙara samun karɓuwa wurin samarinmu na makarantu da ma'aikatanmu na biro, watau harhaɗa kwamfuta da hannu, na'urar nan da ƴan boko ke kira ordinatar. Maimakon mutum ya saye ta a haɗe, sai ya sayi kayan cikinta ɗai-ɗai, ya zauna ya haɗa su da kansa. Wannan dabara tana da amfani. Mutum yana zaɓen abin da ya dace da aikinsa da aljihunsa, ran da wani abu ya lalace kuma shi kaɗai za a sauya, sa'an nan duk wanda ya haɗa na'ura da hannunsa ya daina jin tsoronta.

Amma aikin yana da nasa haɗari. Mutum ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya ba da saƙo a sayo masa kaya daga Kano ko Legas, wani ma daga Dubai ko Sin ko Faransa. Ya haɗa, ya danna maɓallin kunnawa, fanka ta juya, amma gilashin kallo ya tsaya baƙi ƙirin. Wanda ya sayar da kayan yana wata ƙasa, mayar masa da su kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Nan ne hankali ke tashi, har wani ya shiga cire wannan yana danna wancan da ƙarfi, ya lalata abin da da ma lafiyarsa lau. Sau da yawa babu abin da ya mutu a cikin na'urar. Ko dai kayan ba su dace da juna ba tun daga wurin saye, ko kuwa sun dace amma ba a zaunar da su daidai ba. Na farko ana kauce masa da bincike kafin a biya kuɗi, na biyu kuwa ana warware shi da haƙuri da bin abu daki-daki.

Duwatsu uku da tukunya ke zama a kansu

Kowace uwargida ta san tukunya ba ta zama sai a kan duwatsun murhu uku, kuma idan ɗaya ya fi sauran tsawo, miya ce za ta zube. Haka kwamfuta take. Dutse na farko shi ne furosesa, ƙwaƙwalwar na'ura, wanda ke yin dukkan lissafi. Ɗan ƙaramin abu ne mai kusurwa huɗu da bai kai tafin hannu ba. Kamfanoni biyu na Amurka, Intel da AMD, su ke ƙera kusan dukkan waɗanda ake sa wa a kwamfutar kan tebur. Dutse na biyu ita ce uwar allo, wadda daga nan za mu riƙa ce wa allo kawai. Shi ne faffaɗan falle mai hanyoyin wuta da komai ke zama a kansa, kamfanoni irin su ASUS da Gigabyte da MSI da ASRock ke yin sa. Dutse na uku ita ce RAM, ma'ajiyar aiki, wadda ke zuwa cikin ƴan sanduna sirara. A cikinta furosesa ke shimfiɗa abin da yake aiki a kai, kamar yadda tela ke shimfiɗa yadi a kan teburinsa, kuma da zarar wuta ta ɗauke, abin da ke cikinta ya goge.

Mai karatu zai iya tambaya, yaya aka yi kayan kamfanoni daban-daban ke aiki tare? Asalin abin tsoho ne. A 1971 Intel ya fitar da furosesa na farko da aka sa a kasuwa, mai lamba 4004. A 1981 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta kan tebur, ya haɗa ta da kayan wasu kamfanoni, ya kuma wallafa bayanin yadda aka tsara ta, sai wasu suka shiga ƙera irinta. A 1995 Intel ya shimfiɗa ƙa'idar da ake kira ATX, wadda ta tsayar da girman allo da wuraren kusoshinsa da irin wayar da ke kai masa wuta. Saboda waɗannan ƙa'idodi ne mutum ke iya sayen allo a wannan kanti, ya sayi RAM a wancan. Sai dai ƙa'idodin suna sauyawa bayan ƴan shekaru, a kasuwa kuma tsoho da sabo a tebur ɗaya ake baje su.

Gurbin furosesa

Abu na farko da za a duba shi ne gurbin da furosesa ke zama a kan allo, wanda masu gyara ke kira soket. Kowane gurbi yana da sunansa. Furosesan Intel ba ya shiga gurbin AMD, na AMD ma ba ya shiga na Intel, kuma ko a gida ɗaya gurabun sun bambanta.

A gidan Intel, lambar da ke cikin sunan gurbi ita ce yawan alluran da ke cikinsa. LGA1151 ya fito a 2015. LGA1200 ya fito a 2020, yana ɗaukar zuriya ta 10 da ta 11 ta furosesan Core. LGA1700 ya fito a 2021, yana ɗaukar zuriya ta 12 da ta 13 da ta 14. LGA1851 ya fito a 2024 domin jerin Core Ultra 200S. Gane zuriya ba wuya: a sunan Core i5-12400, lambobi biyu na farko su ke nuna zuriya ta 12 ce, a sunan Core i5-8400 kuwa zuriya ta 8 ce. Kalmar i5 ko i7 ita kaɗai ba ta gaya wa mutum komai game da gurbi, domin an fi shekara goma ana yin i5 iri-iri. Duk wanda mai kanti ya ce masa « i7 ne » ya yi shiru, to ya nemi cikakkiyar lambar.

A gidan AMD, gurbin AM4 ya fito a 2016, yana da ramuka 1331, ya kuma ɗauki furosesan Ryzen tun daga jerin 1000 na 2017 har zuwa jerin 5000. AM5 ya biyo baya a 2022 da allurai 1718, domin jerin 7000 da na bayansa. Akwai bambanci guda da ya kamata hannu ya sani. A AM4 alluran suna jikin furosesa ne, a AM5 da gurabun Intel kuwa suna cikin gurbin allo. Sun fi allurar ɗinki siranta nesa ba kusa ba, kuma taɓawa ɗaya da yatsa ta isa ta lanƙwasa su. A kusurwa ɗaya ta furosesa akwai ƴar alama mai kusurwa uku, akwai irinta a gurbi. Idan aka daidaita su, furosesa da nauyinsa kaɗai yake zama. Idan sai an danna, to ba a daidaita ba, a ɗaga a sake dubawa.

Kama da wane ba ta wane

Shigar furosesa cikin gurbi ba ita ce shaidar zai yi aiki ba. A kan kowane allo akwai wani ɗan guntu da ake kira cifset, wanda ke tsara zirga-zirga tsakanin furosesa da sauran kaya, kuma sunansa yana cikin sunan allon, kamar H610 ko B760 ko B550. Misalin da ya fi cin kuɗin masu sayen kayan hannu shi ne na LGA1151. Zuriya ta 6 da ta 7 suna aiki da alluna masu cifset na jerin 100 da 200, kamar H110 da B250. Zuriya ta 8 da ta 9 ma gurbinsu LGA1151 ne, allurai 1151 cif, amma ba su aiki sai da jerin 300, kamar H310 da B360 da Z390. Mutum zai sa Core i5-8400 a kan allon H110, ya zauna daram, marfi ya rufe, amma na'ura ba za ta taɓa tashi ba. Haka kuma a gidan AMD, allon B550 gurbinsa AM4 ne, amma a ƙa'idar kamfani ba ya ɗaukar Ryzen na jerin 1000 da 2000.

Bayan cifset sai BIOS. Wannan ɗan shiri ne da aka rubuta a cikin allo tun daga masana'anta. Shi ne ke fara farkawa idan an kunna na'ura, ya duba furosesa da RAM da sauran kaya ɗaya bayan ɗaya kafin ya miƙa ragama ga Windows ko Linux. BIOS kamar mai gadin ƙofa yake da takardar sunayen baƙi a hannunsa: wanda babu sunansa a ciki ba ya shiga, ko da ɗan gida ne. Allon da aka ƙera kafin fitowar wani furosesa bai san sunansa ba sai an sabunta masa takardar. Alluna masu B450 sun fito a 2018, Ryzen 5000 kuwa sai a Nuwamban 2020, saboda haka tsohon allon B450 ba ya gane Ryzen 5 5600 sai an sabunta BIOS ɗinsa. Haka alluna masu H610 da B660 da Z690 na farko-farko ba su gane zuriya ta 13 da ta fito a 2022 sai da sabuntawa. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin kayan da ke isowa kasuwanninmu sau da yawa sun daɗe a ajiye a wani wuri kafin su iso.

A nan akwai ƙulli: sabunta BIOS ta hanyar da aka saba yana bukatar na'ura ta tashi, ita kuwa ba ta tashi sai an sabunta. Matsalar ta taɓa yin tsanani har a 2018 kamfanin AMD ya riƙa ba masu saye aron wani tsohon furosesa domin su tayar da allo su sabunta shi, sa'an nan su mayar. Hanya biyu ce ke warware ƙullin. Ta farko, a ari tsohon furosesa mai gurbi iri ɗaya wurin aboki ko mai gyara. Ta biyu, alluna da yawa suna da wani ɗan maɓalli a bayansu da ke sabunta BIOS daga kile USB ko babu furosesa a kai. ASUS na kiran sa USB BIOS Flashback, Gigabyte na kiran sa Q-Flash Plus. Allon da ke da wannan maɓalli ya cancanci ɗan ƙarin kuɗin da ake ɗora masa.

Sandunan RAM

RAM ma zuriya-zuriya ce. DDR3 ta fito a 2007, sandarta tana da haƙora 240, tana aiki da bolt 1,5. DDR4 ta fito a 2014, haƙora 288, bolt 1,2. DDR5 ta shiga kasuwa a 2021, ita ma haƙora 288, bolt 1,1. A tsakiyar haƙoran kowace sanda akwai giɓi, a cikin ramin allo kuma akwai ɗan tudu da ke shiga giɓin. An sauya wa giɓin wuri a kowace zuriya da gangan, domin kada wata ta shiga ramin wata. Idan giɓi bai hau kan tudu ba, a juya sandar. Idan an juya bai hau ba, to ba zuriyarsu ɗaya ba, kuma ƙarfi ba zai haɗa su ba.

AM4 da LGA1200 DDR4 suke ci. AM5 da LGA1851 DDR5 kaɗai suke ci. Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne LGA1700, domin furosesansa sun san zuriyoyin biyu, amma allo ne ke zaɓen guda. Allon B760 na kamfani ɗaya yana iya fitowa iri biyu, kwalinsu kusan ɗaya, sai dai a ƙarshen sunan ɗaya an rubuta DDR4 ko D4. Waɗannan ƴan haruffa su za a nema da ido kafin a biya kuɗi.

Akwai wasu iri biyu da ke yaudarar mai saye. Sandunan kwamfutar tafi-da-gidanka gajeru ne, ta DDR4 haƙoranta 260, ba ta shiga allon kan tebur. Sa'an nan akwai sandunan manyan na'urorin kamfanoni, waɗanda ake rubuta wa RDIMM ko REG a jiki. Sukan zo kasuwar kayan hannu da araha mai ban mamaki, wasunsu kuma suna shiga ramin allon gida daidai, amma allon ba ya tashi da su. Araha dai ba ta ado.

Sanda biyu masu giga 8 sun fi sanda ɗaya mai giga 16 sauri, domin furosesa yana da hanyoyi biyu da yake bi zuwa RAM, kuma sai an sa wa kowace hanya sandarta yake cin moriyarsu duka. A yawancin alluna masu ramuka huɗu, ana sa sandunan biyu a rami na biyu da na huɗu idan aka ƙirgo daga wajen furosesa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. Ya fi kyau a sayi sandunan a kwali ɗaya, domin tare aka gwada su a masana'anta. Sandunan kamfanoni daban-daban sukan yi aiki tare, amma da saurin wadda ta fi nawa, wani lokaci kuma su ƙi jituwa sam.

Kafin a ciro kuɗi daga aljihu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane kamfanin allo yana da shafi a intanet domin kowane allo nasa, inda ya jera furosesan da allon ke ɗauka, tare da lambar BIOS da kowanne ke bukata, da kuma jerin sandunan RAM da aka gwada a kansa. Wanda ke da wayar hannu zai iya duba wannan a tsaye a gaban mai kanti. A rubuta cikakken sunan kaya uku a takarda, harafi da lamba, a ba ɗan saƙo, a kuma gaya masa idan bai samu wannan ba kada ya sayo « mai kama da shi ».

A duba kuma ko furosesa yana fitar da hoto da kansa. Na Intel da sunansa ya ƙare da harafin F, kamar Core i5-12400F, ba ya fitar da hoto sai an saya masa katin hoto daban. A gurbin AM4 kuwa, masu harafin G ne ke fitar da hoto, kamar Ryzen 5 5600G, amma Ryzen 5 5600 da 3600 ba su yi. Ramin HDMI da ke bayan allo ba shi da amfani idan furosesa ba mai hoto ba ne.

Ga misalin haɗi biyu da suka dace domin aikin biro da na makaranta. Na ɗaya: Ryzen 5 5600G, da allon B550 mai sabon BIOS, da sanda biyu na DDR4 masu giga 8. Na biyu: Core i5-12400, da allon B760, da sanda biyu na zuriyar da sunan allon ya nuna. Mai sayen tsofaffin kaya kuma ya sani cewa Microsoft ya daina kula da Windows 10 na gama-gari tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida yana bukatar Intel zuriya ta 8 zuwa sama, ko Ryzen jerin 2000 zuwa sama. Haka nan allunan da aka ciro daga tsofaffin kwamfutocin biro na Dell ko HP sau da yawa suna da wayar wuta da wuraren kusoshi irin nasu na kansu, ba su bin ƙa'idar ATX.

Idan an kunna ba ta tashi ba

Doka ta farko: abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta abin da aka gani. Wanda ya sauya abu uku tare, ko na'ura ta tashi bai san abin da ya gyara ba. Doka ta biyu: ba a taɓa cikin na'ura sai an zare wayarta daga bango.

A fara da wuta. Akwatin wuta yana da maɓallinsa a baya, a tabbata a kunne yake. Wayoyi biyu ne ke ciyar da allo: babba mai baki 24 a gefe, da ƙarama mai baki 8 ko 4 a sama kusa da furosesa. Wannan ƙaramar ita sabon hannu ya fi mantawa, kuma idan babu ita fanka na iya juyawa amma ƙwaƙwalwa ba ta samu wuta ba. Kada a rikita ta da ta katin hoto, wadda ita ma bakinta 8 ne amma ta rabu 6 da 2. Idan kuwa ko fanka ba ta motsa ba, a duba ƴan siraran wayoyin maɓallin gaba, a gwada su da zanen da ke cikin littafin allo.

Sai a duba wayar gilashin kallo. Idan akwai katin hoto, a jikinsa ake sa ta, ba a bayan allo ba. Bayan haka a ɗan saurara. Na'ura mai DDR5, musamman a gurbin AM5, takan ɗauki ƴan mintoci a kunnawar farko tana auna sandunanta, gilashi kuwa baƙi. Mai gaggawa sai ya kashe ta tana tsakiyar aikinta.

Alluna da yawa suna da ƴan fitilu huɗu a gefe, an rubuta musu CPU da DRAM da VGA da BOOT, watau furosesa da RAM da hoto da faifan ajiya. Suna kamawa ɗaya bayan ɗaya yayin da BIOS ke bincike, kuma wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda tafiya ta tsaya. Allon da ba shi da fitilu ana sa masa ƴar ƙaramar lasifika, ya yi magana da ƙara. A yawancin alluna, ƙara ɗaya gajera tana nufin lafiya lau, ma'anar sauran kuma tana cikin littafinsa.

Idan fitilar DRAM ce, a cire sandunan duka, a mayar da ɗaya tak a ramin A2, a danna gefe da gefe har maƙallin ya kama da kansa ya ce ƙas. Furosesa ba ya son ƙarfi, amma RAM tana so, kuma sandar da ta shiga rabi da rabi tana cikin abubuwan da suka fi hana sabuwar na'ura tashi. Idan ba ta tashi ba, a gwada ɗaya sandar, sa'an nan a gwada wani rami. Da haka za a gane ko sanda ce mai laifi ko rami.

Idan har yanzu shiru, a goge tunanin BIOS ya koma yadda ya fito daga masana'anta. A kan allo akwai ɗan batir zagayayye kamar kwabo, mai lamba CR2032 da bolt 3. A zare wuta, a cire shi na ƴan mintoci, a mayar. Wannan ya fi muhimmanci ga allon hannu, wanda mai shi na dā ya bar masa saitin wasu kaya daban.

Mataki na gaba, a fitar da allo daga akwati, a ɗora shi a kan kwalinsa, a bar masa furosesa da fankarsa da sanda ɗaya kaɗai. Idan ya tashi a waje ya ƙi tashi a ciki, to wani ƙarfe ne ke taɓa bayansa, galibi ɗaya daga cikin ƴan ginshiƙan da allo ke zama a kansu wanda aka ɗaura a inda babu ramin kusa.

Daga ƙarshe a ɗaga furosesa a duba allurai da fitila. A nan akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Sashen da ke magana da RAM yana cikin furosesa ne, AMD ya mayar da shi can tun 2003, Intel kuma a 2008. Saboda haka allura ɗaya da ta lanƙwashe, ko fankar da aka ɗaure ta fi ƙarfi a gefe ɗaya, tana iya kunna fitilar DRAM ko ta kashe ramuka biyu, alhali sandunan lafiyarsu lau. Kada a yi saurin sayen sabuwar RAM kafin a duba nan. Idan komai daidai ne amma fitilar CPU ba ta mutu ba, kuma furosesa ya fi allo sabunta, to BIOS ne. A sauko da na allon daidai da sunansa harafi da harafi, a sa a kile USB da aka tsara da FAT32, a bi umarnin littafi, kada kuma a kashe wuta sai ya gama.

Ta tashi, amma tana tuntuɓe

Wani zai ga an rubuta 3200 a kwalin RAM, na'ura kuwa ta nuna masa 2133 ko 2400, ya zaci an cuce shi. Ba cuta ba ce. Allo yana fara tafiyar da RAM a hankali domin kariya, sai an shiga BIOS an kunna saitin da ake kira XMP, ko EXPO a gurbin AM5, kafin ta kai saurin da ke kwali. Idan bayan kunna shi na'ura ta riƙa daskarewa ko mutuwa da kanta, a kashe shi ko a rage saurin. Na'ura mai tafiya a hankali da ba ta faɗuwa ta fi mai gudu da ke zubar da aikin yini guda. Akwai shirin gwaji mai suna MemTest86, wanda aka fara rubutawa tun 1994. Ana tayar da na'ura da shi daga kile USB a bar shi ya kwana yana gwaji, kuma kuskure ko ɗaya ne alamar akwai matsala.

Masu Intel zuriya ta 13 da ta 14 kuma su sani, a 2024 kamfanin ya tabbatar cewa wutar da ta wuce kima tana raunana wasu daga cikinsu, ya fitar da gyara ta hanyar sabon BIOS. Mai irin wannan furosesa ya sabunta ko da na'urarsa tana aiki lafiya.

Zafi da ƙura da wutar ƙasarmu

Yanayinmu yana da nasa sharaɗi. A bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40 a Yamai da Tawa da sauran garuruwanmu, furosesa kuwa idan ya kusanci digiri 95 zuwa 100 yakan rage gudu, idan abin ya ci gaba ya kashe kansa. Na'urar da ke tashi ta mutu bayan ɗan lokaci, a duba fankarta. A ƙarƙashin wasu sababbin fankoki akwai ƴar leda da dole a ɓare, sa'an nan tsakanin fanka da furosesa sai da man sanyaya kamar ƙwayar wake. A lokacin hunturu busasshiyar iska tana tara wuta a jikin mutum, irin wadda ke tartsatsi idan an cire riga da dare, ita kuwa tana iya kashe sandar RAM. A taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa kaya, a kuma riƙe su ta gefe. Ƙurar hunturu tana toshe fanka tana shiga ramukan RAM, sai a riƙa busa ta lokaci-lokaci.

Wutarmu bolt 220 ce. Wasu tsofaffin akwatunan wuta da aka yi amfani da su a Amurka suna da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. Idan yana kan 115 aka sa shi a bangonmu, take zai ƙone. Sabunta BIOS kuma ba a yin sa a lokacin da wuta ke yawan ɗaukewa, sai an haɗa na'ura da ondiler, akwatin batir da ke riƙe wuta, domin idan ta yanke a tsakiyar aikin allo na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Kira ga ma'aikata da iyaye

Ga ma'aikatan da ke rubuta takardar sayen kaya domin biro ko makaranta, muna kira da a riƙa rubuta cikakkun lambobin furosesa da allo da RAM, a kuma gwada kayan a gaban mai kawowa kafin a sa hannu, domin kuɗin na talakawa ne. A adana littafin allo da kwalaye da takardar shaidar saye. Ga iyaye kuwa, idan yaro ya haɗa na'urarsa ta ƙi tashi, kada a yi masa faɗa cewa ya ɓarnatar da kuɗi. A ba shi lokaci ya bi matakan nan, ya tambayi waɗanda suka riga shi, tun da matambayi ba ya ɓata. Yaron da ya gano da kansa abin da ya hana na'ura tashi ya koyi sana'ar da biro-biro da makarantunmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai ke bukata kullum.